Dakta John Snow (1813–1858): Likitan da ya bi sawun kwalara har ƙarƙashin ƙasa

Duk shekara idan damina ta kankama, asibitocinmu na Arewa kan shiga zullumin cutar amai da gudawa, wadda likitoci ke kira kwalara. A shekarar 2021 kaɗai, hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, NCDC, ta ƙididdige fiye da mutum 111,000 da ake zaton sun kamu da ita a Najeriya, sama da 3,600 kuma suka rasu, kuma jihar Sakkwato na cikin jihohin da abin ya taɓa. A yau ko ɗan firamare ya san cewa gurɓataccen ruwa ne ke kawo wannan cuta. Amma shekara 170 da suka wuce, manyan likitocin Turai ba su yarda da haka ba. Wanda ya tsaya kai da fata a kan maganar shi ne wani likita ɗan Ingila mai suna John Snow. Hujjar da ta fi ƙarfafa maganarsa kuwa a ƙarƙashin ƙasa aka samo ta, ranar da aka tona aka duba ramin bayan gida da magudanar wani gida da ke dab da rijiyar unguwa. Tarihinsa ya shafi duk gidan da ke da rijiya da masai, daga Landan har Jabo.

Haihuwarsa da tasowarsa

An haifi John Snow ranar 15 ga Maris, 1813, a birnin York da ke arewacin Ingila. Shi ne ɗan fari cikin 'ya'ya 9. Mahaifinsa, William Snow, lebura ne a wurin sayar da kwal, daga baya ya koma noma. Unguwarsu ta talakawa ce a bakin kogin Ouse, kuma idan kogin ya yi ambaliya yakan kwaso ƙazanta ya shigo da ita tituna.

Yana da shekara 14, a 1827, aka tura shi koyon aikin likita a hannun William Hardcastle a garin Newcastle. A wancan zamani haka ake fara likitanci: yaro ya zauna a gidan maigidansa shekaru, yana haɗa magani, yana wanke miki, yana kallon yadda ake duba marasa lafiya. Tun yana ɗan shekara 17 ya daina cin nama, ya ƙaurace wa giya, kuma ya riƙa tace ruwan da zai sha ta hanyar tafasa shi ya tattara tururin. Abokansa na ganin abin kamar tsirfa ce kawai.

A ƙarshen 1831 kwalara ta shiga Ingila a karon farko ta tashar jiragen ruwa ta Sunderland. A 1832 maigidansa ya tura shi, yana ɗan shekara 19, ya kula da masu haƙar kwal a Killingworth, inda cutar ta ɓarke. A nan ya fara ganin yadda ƙaƙƙarfan mutum zai shiga rami da safe lafiya lau, kafin dare a fito da shi idanu sun faɗa, fata ta yamushe. Daga baya ya yi nuni a rubuce-rubucensa cewa masu haƙar kwal na shafe sa'o'i masu yawa a ƙarƙashin ƙasa inda babu bayan gida, a nan suke bahaya, a nan suke cin guzurinsu ba tare da wanke hannu ba.

Karatu a Landan

Bayan ya yi aiki a matsayin mataimakin likita a ƙauyukan Burnopfield da Pateley Bridge, a 1836 ya nufi Landan a ƙafa. Ya shiga makarantar likitanci ta Hunterian, ya yi aikin koyo a asibitin Westminster, ya ci jarrabawar ƙungiyar likitocin tiyata a 1838, sannan ya sami babban digirin likitanci na Jami'ar Landan a 1844. Ya buɗe ɗakin duba marasa lafiya a titin Frith da ke unguwar Soho. Mutum ne mai ƙarancin magana, muryarsa a dishe, kuma bai iya jan hankalin masu kuɗi ba, don haka shekarunsa na farko cikin rashi ya yi su, yawancin masu zuwa wurinsa talakawa ne.

Abin da ya fara ɗaga sunansa shi ne maganin sa barci lokacin tiyata. Kafin 1846, ido biyu ake yanka mutum, ƙarti na danne shi. A watan Oktoba na shekarar aka nuna amfani da sinadarin eta a Boston ta Amurka, a 1847 kuma James Simpson ya fara amfani da kulorofom a Edinburgh. Matsalar ita ce ba a san gwargwadon da ya kamata a shaƙa ba: wani ya farka ana tsakiyar aiki, wani ya wuce daga barcin. Snow ya zauna ya auna yadda zafin ɗaki ke canja yawan tururin maganin, ya ƙera na'urar shaƙawa, ya tsara matakan zurfin barcin da likita zai lura da su. Ƙwarewarsa ta kai har aka kira shi fada ya ba Sarauniya Victoria kulorofom lokacin haihuwar Yarima Leopold ranar 7 ga Afrilu, 1853, da kuma haihuwar Gimbiya Beatrice a 1857.

Wannan sanin da ya yi wa iskar da ake shaƙa da yadda take aiki a jiki shi ne ya sa ya fara shakkar abin da kowa ya yarda da shi game da kwalara.

Landan ta zamaninsa

A tsakiyar ƙarni na 19, Landan na da mutum kusan miliyan 2 da rabi, ita ce birni mafi girma a duniya. Gidaje na da ramukan tara bahaya a ƙarƙashinsu ko a gabansu, an kiyasta yawansu ya kai 200,000. Da dare masu kwasar kashi ke zuwa su kwashe, idan mai gida ya iya biya. Idan bai iya ba, ramin ya cika ya tumbatsa, ko ya riƙa tsiyaya cikin ƙasa.

Likitoci da hukuma sun yi imani cewa ɗoyi da gurɓatacciyar iskar da ke tashi daga ruɓaɓɓun abubuwa su ne ke haddasa annoba. Saboda haka, don a kawar da wari, hukuma ta ba da umarnin a toshe ramukan a haɗa gidaje da magudanan ƙarƙashin ƙasa. Magudanan kuwa cikin kogin Thames suke zubewa, kogin da kamfanonin ruwa ke ɗiba suna turo wa jama'a su sha. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Annobar 1848 zuwa 1849 ta kashe fiye da mutum 14,000 a Landan.

Snow ya yi tambaya mai sauƙi: idan shaƙar cutar ake yi, me ya sa ba ta fara da tari ko ciwon ƙirji, sai da ciki? Alamunta na farko gudawa ce da amai, sauran alamun duka daga ƙarewar ruwan jiki suke biyowa. Ya yanke cewa haɗiye ta ake yi, cewa wani abu ne mai hayayyafa a cikin hanji, yana fita cikin bahayar majiyyaci, ya koma bakin wani ta hannu, ko abinci, ko ruwa. A 1849 ya buga wannan ra'ayi a wani ɗan littafi da kuɗin aljihunsa.

Cikin hujjojinsa akwai abin da ya faru a Albion Terrace, wani jerin gidaje 17 na masu hali a kudancin Landan, waɗanda ke shan ruwa daga maɓuɓɓuga guda. Bayan wani ruwan sama mai ƙarfi a watan Yuli na 1849, fiye da mutum 20 suka mutu a jerin, alhali gidajen da ke gabansu da bayansu, masu shaƙar iska iri ɗaya, ba abin da ya same su. Da wani safiyo mai suna John Grant ya tona, sai ya tarar magudanar ƙazanta ta fashe ta malala cikin tankunan ruwan sha. Duk da haka, likitoci suka ce hujjar ba ta isa ba.

Annobar titin Broad

A daren 31 ga Agusta, 1854, kwalara ta ɓarke a Soho, tafiyar 'yan mintoci daga gidan Snow. Cikin kwana 3 mutum 127 suka mutu. Kafin 10 ga Satumba an kai 500, a ƙarshe adadin ya tsaya a 616. Duk wanda ke da inda zai je ya tattara ya gudu.

A tsakiyar unguwar akwai famfon tuƙa-tuƙa a kan wata rijiya a titin Broad. Ruwansa ya yi suna wajen sanyi da daɗi, har mutane kan wuce famfon da ke kusa da su su zo nan. Ranar 3 ga Satumba Snow ya ɗebi ruwan ya duba, bai ga wata ƙazanta ta a zo a gani ba. Bai tsaya nan ba. Ya je ofishin rajistar mutuwa, inda William Farr ke kula da ƙididdiga, ya karɓi jerin mutum 83 da suka rasu a kwanakin farko, ya riƙa bin gidajensu ɗaya bayan ɗaya yana tambayar inda suke ɗiban ruwa. Ya tabbatar da cewa 61 daga cikinsu ruwan wannan famfo suke sha. Mutum 10 ne kawai gidajensu suka fi kusa da wani famfon, a cikinsu ma 5 ruwan titin Broad suke aikawa a ɗebo musu don sun fi son sa, 3 kuma yara ne da makarantarsu ke kusa da shi.

Ya kuma binciki waɗanda suka tsira. Gidan gajiyayyu na titin Poland na da mutum 535, mace-mace sun kewaye shi, amma 5 kawai suka mutu a ciki, domin gidan na da tasa rijiyar. Wani kamfanin giya a titin Broad ɗin kansa na da ma'aikata kimanin 70, babu wanda ya mutu, domin su ma suna da rijiyarsu kuma ba sa shan ruwan famfon. Kada mai karatu ya ɗauka giya ce ta kare su. Rashin shan wancan ruwan ne. A wata masana'antar kayan harsashi da ke titin, inda ake cika ganguna da ruwan famfon don ma'aikata, mutum 18 suka mutu.

Sai kuma labarin wata dattijuwa da ta bar unguwar ta koma Hampstead, can nesa inda babu annobar. Saboda sabo da ɗanɗanon ruwan, kullum ake kai mata shi a babbar kwalba. Ta sha wanda aka ɗebo ranar 31 ga Agusta, ta rasu ranar 2 ga Satumba. Wata 'yar'uwarta da ta kawo mata ziyara ta sha ruwan, ta koma gidanta a Islington, ita ma ta rasu. Iskar Soho ba ta kai wurinsu ba, ruwan ne ya kai.

Da yammacin 7 ga Satumba Snow ya gabatar da bayanansa ga kwamitin da ke kula da gundumar St James. Ba su gamsu sosai ba, amma washegari aka cire hannun famfon. Shi kansa Snow ya bayyana cewa annobar ta riga ta fara lafawa kafin lokacin, saboda mutane da yawa sun gudu. Daga baya ya zana taswirar unguwar, ya sa baƙin layi a kan kowane gida daidai da yawan mamatansa, aka ga layukan sun taru a kewayen famfon. Har yau ana koya wa ɗaliban likitanci wannan taswira.

Abin da aka gani da aka tona ƙasa

Tambaya ɗaya ta rage: ta ina ƙazanta ta shiga rijiyar? An buɗe ta an leƙa ciki, aka ga ginin bulonta lafiya, babu rami babu tsaga. Masu adawa da Snow suka sami abin faɗa.

Amsar ta zo ta hannun wani matashin limamin coci na unguwar, Henry Whitehead, wanda da farko ya shiga binciken ne da niyyar ƙaryata Snow. Ya san mutanen unguwar gida-gida, kuma duk yadda ya zurfafa tambaya sai ya ga maganar Snow na ƙara tabbata. Yana duba rajistar mamata sai ya ci karo da wata jaririya 'yar wata 5 a gida mai lamba 40, gidan da famfon ke ƙofarsa. Ta fara gudawa ranar 28 ga Agusta, kwana 3 kafin annobar ta ɓarke. Mahaifiyarta ta shaida masa cewa takan jiƙa ƙunzugun yarinyar a bokiti, ta zuba ruwan a ramin bayan gida da ke gaban gidan.

A watan Afrilu na 1855 aka sa safiyo Jehoshaphat York ya tona wurin. Ya tarar bulon ramin ya ruɓe har ana iya cire shi da hannu, magudanar da ta fita daga gidan ta tsufa tana yoyo, ƙasar da ke kewaye ta jiƙe sharkaf da ƙazanta. Tsakanin ramin da bangon rijiyar ƙafa 2 ne da inci 8, wato bai kai mita 1 ba. Ruwan wankin ƙunzugun jaririya guda ya tsiyaya ta wannan 'yar tazara ya shiga ruwan shan unguwa.

Akwai wani abin lura. Mahaifin yarinyar, ɗan sanda ne, ya kamu da cutar a ranar da aka cire hannun famfon, kuma cikin ramin nan aka ci gaba da zuba ruwan wankinsa har ya rasu. Da famfon na aiki, da wataƙila annobar ta sake tashi.

Gwaji a kan gidaje dubbai

A daidai wannan lokaci Snow na gudanar da wani binciken da shi kansa ya fi ba muhimmanci. A kudancin Landan kamfanoni biyu ne ke sayar da ruwa a tituna guda, bututansu na tafiya kafaɗa da kafaɗa, wannan gida na wannan kamfani, maƙwabcinsa na wancan. Kamfanin Lambeth ya mayar da wurin ɗiban ruwansa can sama da birni, a Thames Ditton, a 1852. Kamfanin Southwark da Vauxhall kuwa ya ci gaba da ɗiba a Battersea, inda ƙazantar birni ke gauraya da kogin.

Snow da mataimakinsa, Dakta John Whiting, suka bi gidajen mamata suna tambaya. Inda 'yan haya ba su san kamfaninsu ba, sai ya ɗebi ruwan ya gwada yawan gishirinsa, domin na Battersea ya fi gishiri nesa ba kusa ba. A makonni 7 na farkon annobar 1854, cikin kowane gida 10,000 masu shan ruwan Southwark da Vauxhall an yi mutuwa 315, a na Lambeth kuwa 37. Bambancin ya haura ninki 8, tsakanin mutanen da ke unguwa ɗaya, masu shaƙar iska ɗaya. Ya buga sakamakon a bugu na biyu na littafinsa a 1855.

Rasuwarsa

Duk da waɗannan hujjoji, kwamitin hukumar lafiya ta ƙasa ya yi watsi da bayaninsa a 1855, ya ɗora laifin a kan iska. Mujallar likitoci ta Lancet ta caccake shi. Da hankali ya kwanta, aka mayar da hannun famfon. Snow ya ci gaba da aikinsa na sa barci a ɗakunan tiyata, yana kuma rubutu a kan ruwa da kwalara. Bai taɓa aure ba. Ranar 10 ga Yuni, 1858, yana tsakiyar kammala littafinsa a kan kulorofom, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi, ya rasu ranar 16 ga Yuni yana da shekara 45. An binne shi a maƙabartar Brompton. Gajeriyar sanarwar rasuwarsa da Lancet ta buga ba ta ambaci kwalara ba ko sau ɗaya. Sai a 2013, shekara 200 da haihuwarsa, mujallar ta gyara wannan.

A bazarar da ya rasu, zafi ya sa kogin Thames ya yi ɗoyin da ya hana 'yan majalisa zama. A watan Agusta suka amince da kuɗin gina sababbin magudanai a ƙarƙashin injiniya Joseph Bazalgette: manyan magudanai masu tsawon kusan kilomita 130 da ke tare ƙazanta kafin ta faɗa kogi a cikin birni, da ƙananan magudanan tituna kusan kilomita 1,800. Don gudun wari aka yi aikin, amma ya raba ƙazanta da ruwan sha, abin da Snow ya daɗe yana nema. A 1866 kwalara ta sake kashe fiye da mutum 5,000, akasarinsu a gabashin Landan inda aikin bai kammala ba, kuma William Farr, wanda a da yake ɓangaren masu zargin iska, ya bi sawun ta har matattarar ruwan wani kamfani. Wannan ce annobar kwalara ta ƙarshe a Landan. Ƙwayar cutar kuwa, wani likita ɗan Italiya, Filippo Pacini, ya gan ta a madubin likita tun 1854 ba a kula shi ba, sai da Robert Koch na Jamus ya tabbatar da ita a Masar da Indiya a 1883 da 1884.

Daga diga da shebur zuwa kyamara

Sai da aka shafe wata 7 bayan annobar titin Broad kafin a ga abin da ke ƙarƙashin ƙasa, kuma sai da aka sa diga da shebur. A yau, a biranen da ke da magudanan ƙarƙashin ƙasa, ana yin wannan dubawa ba tare da an fasa titi ba. Ana amfani da ƙaramar kyamarar bidiyo mai fitila wadda ruwa ba ya lalata ta. Idan bututun gida ne, a kan doguwar waya mai tauri take, ma'aikaci na tura ta da hannu. Idan babban bututu ne, ana ɗora ta a kan 'yar na'ura mai tayoyi da ake tuƙawa daga sama. Hoton na fitowa a allo, na'urar kuma na ƙirga mita nawa aka shiga, don haka idan an ga tsaga, ko saiwar bishiya da ta kutsa, ko gaɓar da ta goce, ko toshewa, an san daidai inda za a tona. Ya yi kama da yadda likita ke zura siririn bututu mai kyamara ta baki ya duba gyambon ciki kafin ya yanke shawarar magani. Akwai irin wannan kyamara da ake saukarwa cikin rijiyar burtsatse don duba ko bututunta ya fashe.

A Najeriya, tsakiyar Abuja ce ta fi shahara da magudanar ƙazanta ta bai-ɗaya, wadda ke kai wa matatar Wupa. Yawancin garuruwanmu masai da sokawe suka dogara da su. Amma haɗarin bai canja ba. A Sakkwato ko Kano, inda bututun ruwan famfo ke ratsa kwata, idan aka ɗauke ruwa ƙarfin da ke cikin bututun na faɗuwa, idan kuwa akwai tsaga sai ya zuƙo ruwan kwata, wanda za a fara tara a bokiti idan ruwa ya dawo.

Abin da ya shafi Jabo, Tambuwal da Kebbe

A Jabo da ƙauyukan ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe, rijiyar gida, rijiyar unguwa, burtsatse da ruwan fadama su ne abin sha, masai kuma rami ne a bayan gida. Wannan shi ne tsarin gida mai lamba 40. Ba a buƙatar kyamara don duba mafi yawan abin da ke jawo matsala. Ido, tocila da igiyar awo sun isa. Dattawa na iya tuna zamanin da ma'aikatan duba-gari ke shiga gida-gida suna leƙa randa da masai. Aikin nan ne ya kamata kowane maigida ya ɗauka:

1. A auna tazara. Ya kamata tsakanin masai ko sokawe da rijiya ya kai aƙalla mita 30, kuma masai ya kasance ta gangare, rijiya ta tudu. A tuna da masan maƙwabci da ke bayan katanga, domin ruwan ƙarƙashin ƙasa bai san iyakar gida ba. Inda fili ya yi kaɗan, magana ce ta maƙwabta da mai unguwa tun kafin a fara haƙa.

2. A kula da zurfi. Kada gindin ramin masai ya kusanci ruwan ƙasa. A bar aƙalla mita 1 da rabi zuwa 2. A yankin fadama ruwa na tasowa da damina, don haka da zurfin damina za a yi lissafi, ba na rani ba.

3. A duba bakin rijiya. A ɗaga shi da gini, a yi daɓen siminti mai gangara waje, a sa murfi. A haska tocila a ga ko ruwa na tsiyayowa ta bango daga sama. Guga da igiya a rataye su, kada a yar a ƙasa.

4. A lura bayan ruwan sama. Rijiyar da ta canja launi ko wari bayan an yi ruwa, alama ce cewa ruwan sama-sama na shiga cikinta.

5. Kashin jariri ba shi da bambanci da na babba wajen ɗaukar cuta. A zuba shi da ruwan wankin ƙunzugu a masai, nesa da rijiya, a wanke hannu da sabulu.

6. Ruwa garai-garai mai daɗi na iya ɗauke da kwalara, kamar na titin Broad. Lokacin annoba a tafasa ruwan sha, ko a sa maganin kulorin bisa umarnin da ke jikinsa a jira minti 30. A rufe randa, a keɓe moɗa guda mai hannu don ɗiba.

Idan cutar ta shigo gida

Alamun kan bayyana tsakanin awa 12 da kwana 5 bayan shan ƙwayar: gudawa mai yawa kamar ruwan wankin shinkafa, amai, murɗewar ƙafafu, faɗawar idanu da ƙarancin fitsari. Ƙarewar ruwan jiki ce ke kisa, wani lokaci cikin sa'o'i. A fara ba da ruwan gishiri da sukari nan take: a narka fakitin ORS guda a lita 1 na tsaftataccen ruwa. Idan babu, a sa cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokalin shayi na gishiri, a shafe ba a tula ba, a lita 1. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan ko yana amai, a ci gaba da shayar da jariri nono, a kama hanyar asibiti mafi kusa ana ba shi a hanya. Kada a jira gari ya waye. Idan ba a yi magani ba, mai tsananin cutar na iya kashe kusan rabin waɗanda ta kwantar. Idan an yi da wuri, ba ta kai mutum 1 cikin 100 ba. Mai jinya da wanda ya yi wa gawa wanka su wanke hannu sosai da sabulu, kuma kada su taɓa abincin jama'a kafin haka.

Idan gidaje biyu ko uku masu ɗiban ruwa wuri ɗaya suka kamu a kwanaki kusa da juna, a sanar da jami'in lafiya na ƙaramar hukuma, a dakatar da shan ruwan wurin har a duba shi a zuba masa magani. Tambayar da John Snow ya riƙa yi ƙofa-ƙofa a 1854, wato inda mutanen gidan ke ɗiban ruwa, ita ce har yau ma'aikatan lafiya ke fara yi idan annoba ta ɓarke. Idan sun zo, a ba su amsa ta gaskiya, a kuma bar su su leƙa rijiya da masai.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kare mu daga annoba.